FILIN SANA'AR HANNU: Mai son ƙira, da zuga yake farawa

A wani ƙauye na ƙasar Tasawa akwai wani saurayi manomi. Wata damana ruwa ya sauka da kyau. Aka yi shibka, hatsi ya fito. Ranar da aka kama noman fari, tun hantsi bai yi ba, hauyarsa ta tsaye ta bugi kututture cikin ƙasa. Bakinta ya tsage tun daga wuya. Akwai wata hauyar a gida, amma ta cinye, ko ciyawa ba ta yanka.

Ƙauyen ba shi da maƙeri. Tsohon da ke yi musu ƙira ya rasu, ƴaƴansa sun tafi bida. Maƙerar da ta fi kusa tana garin kasuwa, tafiyar rabin yini a ƙasa. Saurayi ya ɗauki hauya ya tafi. Ya tarar da mutane cike, kowa da nasa karyayyen kayan aiki. Ya kwana biyu kafin layi ya zo kansa. Da ya komo gida, ruwa ya sake sauka. Ƙarangiya ta riga ta rufe rabin gona. Da kaka, wannan gefen bai ba da ko rabin dammunan da ya saba ba.

Gyaran da ya ci masa kwana uku, maƙeri bai kai rabin awa bisa kansa ba. Wannan abu ya tsaya wa saurayi a rai.

ƘIRA GADO CE

Da aka gama aikin kaka, samarin ƙauye suka fara ɗaure kaya za su cin rani. Saurayi ya samu mahaifinsa ya ce: "Baba, bana ba ni zuwa ko'ina. Ina so in je in koyi ƙira."

Mahaifin ya ce: "Kai, ƙira gado ce. Ubanka ba maƙeri ba, kakanka ba maƙeri ba. Wa zai buɗe maka bakin wuta?"

Maganar tsohon tana da tushe. A ƙasar Hausa ƙira ta gida-gida ce, uba ke koya wa ɗa. Maƙera suna da sarkinsu, suna da sirrinsu. Sana'ar kuma ta daɗe ƙwarai. A Tarmit, gabashin Nijar, masu bincike sun tono alamun aikin ƙarfe da ya fi shekara 2000. A Adar da ƙasar Maraɗi, kakanni suna haƙo tama, su gina murhu na laka, su narka ta da gawayi har ƙarfe ya fito. Da tsofaffin ƙarafan mota suka yawaita, sai aka bar narkar tama.

Amma ƙofar ba a rufe take ba. A shekarun 1970 da 1980 an buɗe wuraren ƙera kayan noma a Doso, Tawa, Damagaram da Maraɗi. An koya wa mutanen karkara da yawa gyaran garmar shanu da amalanke. Abin da ake bukata shi ne ladabi. Ba a kafa maƙera a ɓoye. Ana zuwa wurin masu abin, a nemi izini.

Saurayi ya sayi goro ya tafi garin kasuwa. Ya durƙusa ya ce: "Ranka ya daɗe, Sarkin Maƙera, koyo na zo. Ba ni son cin kasuwar kowa. Ina so in iya gyara hauya a ƙauyenmu."

Tsoho ya dube shi ya ce: "Yaro, ka iya zama?" Ya nuna masa zugazugi. Wata guda cur saurayi bai taɓa guduma ba. Zuga kawai yake yi, yana kallo. A nan ya koyi rabin sana'ar, domin mai zuga shi ke ganin yadda wuta ke cin ƙarfe.

KAYAN AIKI

Mai fara koyo ba ya bukatar kaya masu yawa. Guda bakwai sun isa.

1. Uwar maƙera. Ita ce ƙarfen da ake bugu bisa kansa. In ba a samu ta gado ba, kan babbar guduma ya isa, ko guntun ƙarfen gindin kamiyo mai kauri. A kafa ta cikin gungumen icce, a binne gungumen cikin ƙasa. In tana motsi, ƙarfin bugu ya tafi banza.

2. Guduma. Mai koyo ya fara da ta kilo 1. Masaba mai nauyi ta ƙwararru ce. Guduma mai nauyi tana gajiyar da hannu, ta ɓata saiti. A duba ƙota kullum, kada kai ya fita ya samu mai zuga.

3. Awartaki. Da shi ake riƙe ƙarfe mai zafi. Bakinsa ya kama ƙarfen sosai. Awartakin da ke sakin ƙarfe ya fi wuta haɗari.

4. Zugazugi. Na gargajiya fatar akuya biyu ce, kowace da bututunta. Wasu suna haɗa farfela da ƙafar keke, yaro yana juyawa da hannu. Duka biyu suna aiki.

5. Kurfi na yanka ƙarfe, da matsoni na huda shi.

6. Magagari na gyara baki, da dutsen washi.

7. Kasko na ruwa, da gwangwanin ƙarfe mai murfi na mai.

Murhu ba a sayensa. A haƙa rami kamar faɗin ƙwarya. A kwaɓa laka da ƙaiƙayi ko kashin jaki, kada ta tsage. A gina ɗan bango tsakanin wuta da mai zuga. A bar kafa a gindin bangon, inda iska za ta shiga ƙarƙashin gawayi. A yi rumfa bisa, amma a bar gefe-gefe buɗe.

GAWAYI

Icce ba ya ƙira, sai gawayi. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya, domin yana da nauyi, yana daɗewa, yana ba da zafi mai ƙarfi. A farfasa shi kamar girman goro. Manya-manya suna barin iska ta wuce banza. Gari kuma yana toshe wuta.

Amma ƙirya ta yi wuya a wurare da yawa, kuma ba ta girma da sauri. Maƙerin da ya sare ɗanyar ƙirya ya ci abincin jikansa. A nemi busasshen icce da rassan da aka sassabe. Kafin a sare icce a daji, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani. Suna barin tohon kututture ya girma cikin gona, suna rage masa rassa. Mai son ƙira ya kamata ya fi kowa riƙe wannan dabara. In ƙirya ta toho a gonarsa, ya tsare ta.

Tsoho yana da doka guda bisa gawayi. In an ciro ƙarfe daga wuta, mai zuga ya tsaya. Zuga ba ƙarfe cikin wuta ɓarna ce.

ƘARFE IRI-IRI NE

A ido duk ƙarfe ɗaya ne. A wuta kowane da halinsa. Abin da ke raba su wani sinadari ne irin na gawayi da ke cikin jikin ƙarfe. Masana suna kiransa karbon. In ya yi kaɗan, ƙarfe ya yi taushi. In ya ƙaru, ƙarfe yana iya yin tauri ya riƙe kaifi.

Ƙarfe mai taushi yana da karbon kamar kashi 2 cikin 1000. Irinsa ne waya, ƙusa da fallen ƙarfe na ƙofa. Yana da daɗin bugu. Ya dace da ƙugiya, turke, sarƙa da zobe. Ba ya shan ban ruwa.

Resor na mota, wanda wasu ke kira sifirin, yana da kamar kashi 6 cikin 1000. Shi ne na gatari, adda, lauje, wuƙa da kurfi. Tsohon magagari ya fi shi, yana kai kashi 10 ko fiye. Yana yin wuƙa mai kaifi, amma yana da saurin karyewa.

Ƙarfen gini mai zane-zane, wato rodi, ba shi da tabbas. Wani yana da tauri, wani ba shi da. Ya isa koyon bugu, amma ba a dogara da shi wurin kayan yanka.

Ƙarfen zubi, kamar gangar injin mota, ba ya ƙeruwa. In aka buge shi, fashewa yake yi.

Ana samun tsofaffin ƙarafa wurin masu gyaran mota, da manyan kasuwanni kamar Katako a Yamai. A duba resor da kyau kafin a biya. Wanda ya riga ya tsage ba ya gyaruwa.

Ga yadda ake gane ƙarfe. A yanki ɗan guntu, a buga shi ya yi siriri. A sa shi wuta har ya yi ja. A tsoma shi cikin ruwa. A aza shi bisa uwar maƙera, a rufe da tsumma, a kau da fuska, a buga. In ya karye, mai tauri ne, zai yi kayan yanka. In ya lanƙwashe kawai, mai taushi ne.

WUTA TANA MAGANA DA LAUNI

Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi. Launin ƙarfe shi ne ma'auninsa. Shi ya sa ake ƙira cikin inuwa. A tsakar rana, ƙarfe mai zafi ƙwarai sai ya yi kamar bai yi ja ba.

Ja mai duhu, kamar garwashin da ya kusa mutuwa: zafi wajen digiri 650. Ƙarfe bai nuna ba. In ya sauko nan, a mayar da shi wuta.

Ja sosai, kamar nunannen barkono: wajen digiri 800. Nan ne wurin ban ruwa.

Ruwan goro: wajen digiri 950. Nan ne daɗin bugu.

Ruwan ɗorawa: wajen digiri 1100. Ƙarfe mai taushi yana son haka. Resor kada ya wuce nan.

Fari mai tartsatsi: ƙarfe ya fara ƙonewa. Wurin da ya ƙone ya lalace, sai a yanke shi a yar.

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Gaskiya ce ta aiki. Wanda ya ci gaba da bugun resor bayan jan ya tafi, yana saka masa tsaga a ciki. Ba a ganinta a ranar. Sai cikin gona take bayyana.

Ƙarfe ya shiga tsakiyar gawayi, gawayi ƙarƙashinsa, gawayi bisansa. In ya kusanci bakin iska, yana yin ɓawo da yawa, yana raguwa. Siririn wuri ya fi saurin ƙonewa, don haka a fara zafafa wuri mai kauri.

ABIN DA AKE FARA ƘERAWA

Manyan ayyukan ƙira sun haɗa da miƙawa, faɗaɗawa, lanƙwasawa, yankewa da hudawa.

Miƙawa ita ce ta fari. A buga ƙarfe, a juya shi gefe, a sake bugawa. Ya zama mai kusurwa huɗu, yana tsawo yana sirancewa. In ana son tsini mai zagaye, a kashe kusurwa huɗun su zama takwas, sannan a mulmule. Wanda ya nemi zagaye tun farko, bakin ƙarfensa yana tsagewa.

Da tsoho ya ba saurayi guduma, bai ba shi hauya ba. Ya ba shi guntayen rodi ya ce ya yi turken ɗaure dabba guda goma. Turke yana koyar da tsini a ƙasa, da lanƙwasa zobe a sama. Na farko ya karkace kamar ƙahon rago. Na goma ya miƙe. Bayan turke sai ƙugiyar ciro guga daga rijiya. Bayan ƙugiya sai awartakin kansa.

Daga nan aka kai ga koɗa hauya. Hauyar da ta dakushe, a sa bakinta kawai cikin wuta. In ya yi ruwan goro, a aza bisa uwar maƙera, a riƙa bugu kaɗan-kaɗan daga ciki zuwa baki. A bi bakin daga wannan kunne zuwa wancan. A juya, a daidaita. A bar ta ta huce da kanta, sannan a bi da magagari. Yawancin hauyoyi da kalme na ƙarfe mai taushi ne, koɗa ta ishe su.

Guduma ba da ƙarfin kafaɗa take aiki ba. A ɗaga ta, a bar nauyinta ya faɗi inda ido ke kallo. A riƙe ƙota kusa da ƙarshe, kada a matse ta.

BAN RUWA

Wata rana tsoho ya tafi jana'iza. Saurayi ya ga maƙera ba kowa. Yana da guntun resor da ya saya da kuɗinsa. Ya kira wani yaro ya yi masa zuga. Ya yini yana bugu, har ya fitar da gatari mai kyan gani. Ya sa shi wuta har ya yi ruwan ɗorawa. Ya jefa shi cikin kaskon ruwan sanyi. Sai ya ji ƙas! Da ya ciro, ga tsaga tun daga baki har tsakiya.

Da tsoho ya komo, saurayi bai ɓoye ba. Ya miƙa masa gatarin ya ce: "Baba, na yi ɓarna."

Tsoho ya juya gatarin ya ce: "Ɗana, bugunka ya yi. Gaggawarka ce ta kashe shi. Laifinka uku. Wuta ta yi yawa. Ruwa ya yi masa kaifi. Kuma ko da bai tsage ba, da ka kai shi daji haka nan, icce na farko zai ɓalle masa baki."

Washegari tsoho ya ƙera wani a gabansa. Ga yadda ya yi.

1. Da ya gama siffa, ya sa gatarin wuta ya yi ja, ya ajiye shi gefe ya huce da kansa. Wannan yana kwantar da gajiyar bugu. In ana son ƙarfe ya yi taushi sosai don magagari, a binne shi cikin toka ya kwana.

2. Ya gyara baki da magagari, amma bai wasa shi ba. Ya bar masa kauri kamar milimeta 1. Baki mai siriri ƙwarai yana tsagewa wurin ban ruwa.

3. Ya sa bakin cikin wuta, ana zuga a hankali, har ya yi ja kamar barkono, ko'ina daidai. Mai koyo yana iya gwadawa da maganaɗisu, irin wanda ke cikin lasifikar tsohuwar rediyo. In zafi ya kai digiri 770, maganaɗisu ba ya kama ƙarfe. Daga nan a ƙara zuga kaɗan, shi ke nan.

4. Ya tsoma bakin cikin mai, a miƙe, yana ɗagawa yana saukarwa. Ba a kaɗa shi gefe da gefe, yana karkacewa. Mai ya fi ruwa sanyaya ƙarfe a hankali, shi ya sa resor ke sonsa. Man gyaɗa yana yi da kyau. Baƙin man mota yana yi, amma hayaƙinsa yana cutarwa.

5. Ya goga magagari bisa bakin. Magagari ya zame bai ci ba. Alama ce ƙarfe ya yi tauri. Amma a wannan hali kamar kwalba yake.

6. Nan take ya goge bakin da dutse har ya yi fari. Ya aza bayan gatarin bisa garwashi, ba zuga. Launi ya fara tafiya daga baya zuwa baki. Na farko kamar busasshen karan hatsi, wajen digiri 230. Sai ruwan ƙasa kamar zuma, wajen 255. Sai kamar ɓawon albasar Galmi, wajen 280. Sai shuɗi kamar rini, wajen 300. Da launin albasa ya iso baki, ya tsoma gatarin ya kashe zafin.

Wannan mataki na shida shi ke rage tauri, ya ba ƙarfe jimiri. Wuƙa tana son launin kara zuwa na zuma. Gatari da kurfi suna son launin albasa. Adda tana son shuɗi. In launi ya wuce shuɗi a baki, taurin ya tafi, sai a sake ban ruwa tun daga farko.

HATTARA

Maƙera wurin wuta ce. Akwai abubuwan da ba a koyonsu sau biyu.

Ƙarfen da ya yi baƙi bai huce ba. Yana iya kai digiri 400 ba ya nuna ja. Duk ƙarfen da ke ƙasa kusa da murhu, a ɗauke shi da awartaki. Yara su tsaya nesa.

Kada a sa rufaffen abu cikin wuta. Bututun da aka toshe, tukunyar gas, tanon fetur ko na maganin ƙwari, duk suna fashewa ko su fitar da guba. Wanda ya tsinci baƙon ƙarfe a daji mai kama da harsashi ko nakiya, kada ya taɓa shi. Ya gaya wa mai gari da jandarma.

Kada a ƙona ƙarfe mai farin shafe, irin na kwanon rufi da bututun famfo. Hayaƙinsa fari ne, yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Kada a hura gawayi cikin rufaffen ɗaki. Yana fitar da iska mai kisa, wadda ba ta da wari. In kai ya fara ciwo ko jiri ya zo, a fita waje nan da nan.

In mai ya kama wuta, a rufe gwangwanin da murfi, ko a zuba rairayi. Kada a zuba ruwa, wutar za ta watsu.

A sa tufafin auduga. Na roba yana narkewa ya manne wa fata. A sa takalmin fata mai rufe ƙafa. A nemi tabarau na kare ido, domin ɓawon ƙarfe yana tashi. In kan kurfi ya baje, a gyara shi da magagari kafin ya ɓalle.

In an ƙone, a zuba ruwan sanyi mai tsabta bisa wurin har minti 20. Kada a shafa toka, ƙasa ko kashin shanu. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi tafin hannu, ko tana fuska, a tafi gidan likita. Mai aiki da tsohon ƙarfe ya nemi allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

DAMANA TA KOMO

Saurayi ya yi wata biyar wurin tsoho. Da bazara ta kama, tsoho ya ba shi tsohuwar masaba da matsoni guda. Ya ce: "Ɗana, tafi ka kafa rumfa. Abin da ka iya, ka yi. Abin da ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba, ka aiko mini. Kada ka ɓata ƙarfen talaka don jin kunya."

Saurayi ya kafa rumfa bayan gida, nesa da rumbu da dangar kara. Mahaifinsa bai ce komi ba. Bayan kwana biyu ya ɗauko tsohuwar kalmensa ya ajiye bakin rumfar, ya wuce. Da yamma ya same ta da sabon baki.

Tun kafin ruwan fari, saurayi ya bi gida-gida. Ya ce kowa ya fito da kayan aikinsa a duba tun yanzu. Aka koɗa hauyoyi, aka gyara sungumi, aka ɗaure ƙotoci. Makiyayan da ke mashekari kusa suka kawo aikin turke da ƙugiya. Ranar noman fari hauya biyu suka tsage a ƙauyen. Guda ya gyara kafin azahar. Gudar ta fi ƙarfinsa, ya ba mai ita aron tasa, ya aika da karyayyar garin kasuwa. Ba wanda ya rasa yini.

Har yanzu bai kira kansa maƙeri ba. Bai iya haɗa ƙarfe biyu cikin wuta ba, bai iya garmar shanu ba. Noma ne sana'arsa. Da kaka mutane suka kawo masa dammunan hatsi, kamar yadda aka saba yi wa maƙera. Ya ware biyu, ya aza bisa jaki, ya kai wa tsoho. Da rani kuma ya koma bakin zuga.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA

Masu karatu a makarantun yaƙi da jahilci su tattauna waɗannan, su rubuta amsa cikin littafinsu.

1. Tsakanin ƙauyenku da maƙera, tafiyar awa nawa ce?
2. Damanar da ta wuce, kwana nawa aka rasa saboda karyewar kayan aiki?
3. Me ya sa gatarin saurayi ya tsage? A kawo dalilai.
4. Ƙirya nawa ta rage a gonakin ƙauyenku? Wa ke tsaronta?
5. In ƙauye ba maƙeri, wa ya kamata a aika koyo, kuma wa zai ciyar da shi?

Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, wannan fili zai yi bayani bisa gyaran bakin garmar shanu.